Yadda ake sauya ƙananan tayoyin ƙarƙashin babur ɗin ƙanƙara

A Kanada da Alaska, da jihohin arewacin Amurka irin su Minesota, da arewacin Finland, babur ɗin ƙanƙara abin hawa ne na yau da kullum muddin hunturu ya kama. Da shi ake zuwa kamun kifi a kan daskararren tafki, da shi makiyayan barewar Laplan ke bin garkensu, da shi kuma masu yawon shaƙatawa ke cinye ɗaruruwan kilomita a yini guda. Tun da Joseph-Armand Bombardier ya fitar da babur ɗin Ski-Doo a garin Valcourt na lardin Kibek, a Kanada, a 1959, tsarin bai sauya sosai ba: takalman zamiya biyu a gaba, faffaɗan bel na roba a baya, inji a gaban mahayi yana juya bel ɗin. Baburan kamfanin Polaris na garin Roseau, da na Arctic Cat na garin Thief River Falls, da na Lynx na garin Rovaniemi, da waɗanda Yamaha ta ƙera, duk a kan wannan fasali suke.

Idan ka durƙusa ka leƙa cikin bel ɗin, za ka ga firam guda da ke ɗauke da nauyin babur da mahayi. A ƙasansa akwai reli biyu na alminiyam, kowanne an saka masa doguwar robar zamiya mai tauri wadda bel ke gogawa a kai. Sai shakazoba da sifirin da hannayen ƙarfe da ke haɗa firam da rumfar bel, wato jikin babur da ya rufe bel ta sama. Sai kuma ƙananan tayoyi: wasu a jikin reli ta waje da ta ciki, manya biyu zuwa huɗu a shaf ɗin can baya inda bel ke juyawa, wasu kuma a sama suna tallafe bel yayin da yake komawa gaba. Ba inji ke juya su ba, bel ne ke jan su. Aikinsu su rage wa robar zamiya nauyi da zafi, su kuma riƙe bel a hanyarsa.

Tayar kanta ba ta da tsada. Abin da take lalatawa idan ta mutu shi ne mai tsada. Yi lissafi: taya mai faɗin milimita 135, idan babur na gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa kusan sau 3,900 a minti, cikin ruwan ƙanƙara da yashi da gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara. Ranar da boris ɗinta ya ƙame, bel zai ci gaba da gogarta har robarta ta narke, ko ta tarwatse ta bar ƙarfe tsirara yana yankar cikin bel. Kuɗin sabon bel ya ninka na taya sau da yawa, kuma ba a gareji abin yake faruwa ba, a tsakiyar daji ne cikin sanyin da ke kashe yatsu.

Gane wadda ta mutu

Ɗaga bayan babur ya bar ƙasa, inji a kashe. Bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake na ciki don sun yi wuyar kaiwa. Juya kowacce da hannu. Mai lafiya tana juyawa shiru, da ɗan nauyi-nauyi na giris, ta tsaya da wuri. Wadda ke gudu sakaka tana ƙara sharrr, kada ta burge ka, giris ne ya ƙare mata. Wadda kake jin tsakuwa-tsakuwa a yatsa, tsatsa ta shige ta. Sannan ka kama bakinta ka girgiza gefe da gefe. In tana lilo, ko boris ya tafi ko kuma ramin da yake zaune ya buɗe. Dubi robar da ke kewaye da ita: tsagewa, ɓantarewa, wurin da ya baje ya yi lebur, ko robar da ta fara rabuwa da jikin tayar, kowanne cikinsu hujja ne na sauyi.

Tayoyin baya ba sa juyuwa da hannu sai an sassauta bel, don haka hukuncinsu sai an zo wajen. Su ne kuma suka fi kowa shan wahala.

A ganina lokacin wannan dubawa biyu ne: ƙarshen hunturu kafin a ajiye babur, da farkon kaka kafin ƙanƙara ta sauka. Yawancin boris ba a kan hanya yake mutuwa ba, a ajiye yake mutuwa. Ruwan da ya shige shi a tafiyar ƙarshe yana kwana a ciki watanni shida ko bakwai, ya ci ƙwallayen, sai a tafiyar farko abin ya bayyana. Wanda yake jan babur ɗinsa a buɗaɗɗiyar tirela a titin da aka zuba wa gishiri, nasa ya fi saurin lalacewa.

Kafin ka sayi komai

Nan mutane suka fi yin asara, domin tayoyin duk kama suke yi wa ido. Abu huɗu za ka auna a jikin tsohuwar: faɗinta daga baki zuwa baki, kaurinta, lambar boris, da kuma inda boris ɗin yake zaune, a tsakiya ne ko ya karkata gefe guda. Ski-Doo da Yamaha da milimita suke kiran nasu, za ka ji 130, 135, 141, 178, 180. Polaris da Arctic Cat da inci, irin su 5.35 da 5.63. Ka tuna tsohuwar ta cinye, saboda haka awonka zai ɗan gaza na asali. Lambar kayan da ke cikin littafin babur ɗinka ta fi ma'auninka gaskiya.

Lambar boris a jikin murfin robarsa take. Waɗanda aka fi gamuwa da su: 6205, mai rami milimita 25, faɗi 52, kauri 15, da 6004, mai rami 20, faɗi 42, kauri 12. Akwai 6204 da 6005 a wasu baburan. Kowanne za ka saya, ya kasance mai 2RS a ƙarshen lambarsa, wato mai murfin roba gefe biyu. Mai murfin ƙarfe yana tare ƙura amma ba ya tare ruwa, kuma ruwa ne abokin gaba a nan. Wasu tayoyin kasuwa, irin na kamfanin Kimpex, suna zuwa da boris mai faɗin rami, sai a cike da bushin na roba don ya dace da siririn shaf. Idan irinsu ka sayo, tabbatar bushin ɗin da ya dace yana cikin ledar kafin ka bar shago.

In robar tayar na da lafiya, boris kawai za ka sauya. Amma akwai tayoyin da aka narka boris a cikin jikinsu tun daga masana'anta, babu zoben makulli, wato zoben ƙarfen da ke riƙe boris a raminsa, babu hanyar fitarwa. Waɗannan sai dai a sauya gaba ɗaya. Kuma kada ka sauya ta dama ka bar ta hagu. Sabuwa da tsohuwa a shaf ɗaya faɗinsu ba ɗaya ba ne, sabuwar za ta ɗauki nauyin duka, bel kuma ya riƙa ja gefe.

Kayan aiki ba su da yawa: sifanu da soket, na milimita ko na inci gwargwadon babur ɗinka, filayar cire zoben makulli, gudumar roba, bais, wato abin matse ƙarfe na kan tebur, in akwai, sifana mai awon ɗauri, man kwance tsatsa, gam ɗin tiredi shuɗi, Loctite 243 ko makamancinsa, giris mai jure sanyi, takarda mai yashi, madaurin kaya mai ja, da abin ɗaga bayan babur mai ƙarfi. Injin kwance noti ba dole ba ne, amma ranar da shaf ya fara juyawa tare da bolti za ka gode wa wanda ya ƙirƙire shi.

Ɗagawa da sassauta bel

Shigar da babur wuri mai ɗumi tun daren jiya, ƙanƙarar da ta daskare a firam ta narke ta tsiyaye. Aiki da bolti mai sanye da ƙanƙara wahalar banza ce, roba mai sanyi kuma saurin fashewa take yi. Zare makulli da igiyar kashe inji, wadda in an zare ta inji ba ya tashi, ka sa su a aljihu. Ɗaga baya ta jikin bamba har bel ya rataye bai taɓa ƙasa ba, ka sa wani abin tokare na biyu. Babur ɗin nan kilo 200 zuwa 300 ne, hannunka kuma zai daɗe a ƙarƙashinsa.

Yanzu ɗauki hoto da waya, kowane gefe, kusa-kusa. Ina washa take, ina bushin yake, wane gefen taya ke kallon waje. Bayan awa biyu ba za ka tuna ba.

Je can baya. Sassauta boltin shaf ɗin tayoyin baya, kada ka cire shi tukuna. Za ka ga dogon bolti a wutsiyar kowane reli wanda ke tura shaf ɗin baya; wasu suna da notin kulle, sai ka fara sakinsa. Kafin ka taɓa su, auna tsawon tiredin da ya fito a kowane gefe ka rubuta, ko ka ƙirga juyin da kake yi. Wannan ba zai zama saitin ƙarshe ba, amma zai mayar da kai kusa da gida. Saki gefe biyun daidai wa daida har bel ya yi laƙwas.

Tayoyin waje

Waɗannan su ne masu sauƙi. Yawanci bolti ɗaya ne a tsakiya. Fesa man kwance tsatsa, ba shi 'yan mintuna, sannan ka kwance. Idan ya ƙi, ka tuna masana'anta da gam suka ɗaure shi. Ɗan zafi a kan boltin yana sake gam ɗin, amma da na'urar hura iska mai zafi, ba da harshen wuta ba, don tayar roba ce, tankin mai kuma yana bisa kanka.

Sai matsalar da kowa ke haɗuwa da ita. Inda tayoyi biyu ke kan shaf ɗaya da bolti a kowane kai, kana kwance na dama sai ya saki, ka koma na hagu sai shaf ɗin ya riƙa juyawa da shi. Dabarar: bayan na dama ya saki, fitar da shi, goge gam ɗin tiredinsa, mayar da shi ka ɗaure tamau, sannan ka riƙe shi ka sassauta na hagu. Da yake na dama ya riga ya rabu da gam, zai sake fita ba gardama. In hakan ya ƙi, injin kwance noti yana fizge shi kafin shaf ya ankara. Abin da ba a yi shi ne a damƙe shaf ɗin alminiyam da filaya mai haƙora. Tabon da za ta bari zai hana boris wucewa.

Boltin ya fita, ja tayar. In ta manne, bubbuga ta baya da gudumar roba kana juya ta, kada ka sa ƙarfe tsakaninta da reli ka banƙara. Jera washa da bushin a ƙasa bisa tsarin da suka fito. Goge mazaunin boris da takarda mai yashi har farar tsatsar alminiyam ta fita. Dubi madaurin da ke riƙe tayar a jikin reli: in ya tsage ko ramin boltinsa ya zama dogo, sabuwar taya za ta zauna a karkace ta mutu da wuri, shi ma sai a sauya.

Tayoyin ciki, na baya, da na sama

Wasu baburan suna barinka ka zare shaf ɗin baya ta gefe, tayoyin ciki su faɗo hannunka. Wasu kuwa dole firam ya fito, kuma gaskiya in za ka sauya fiye da biyu ko uku, fitar da shi ya fi sauri. Kana aiki a tsaye a kan tebur, kana ganin komai.

A yawancin babura bolti huɗu ke riƙe firam da rumfar bel, biyu gaba biyu baya. Kafin ka taɓa su, sauke ƙarfin sifirin. Inda ake da sifirin mai dogon hannu a kowane gefe, mayar da abin saitinsa mataki mafi taushi, sannan ka ɗaga dogon hannun daga mazauninsa da hannu biyu ka sauke shi a hankali, fuskarka ba a saitinsa ba. Wannan ƙarfen yana ɗauke da ƙarfin da zai iya karya yatsa. Sauke babur har bel ya ɗan taɓa ƙasa don nauyi ya bar boltocin, cire na baya, sannan na gaba. Dabarar shaf mai juyawa a nan ma za ta yi maka aiki. Ɗaga babur sama sosai, firam zai zauna a cikin bel. Karkata shi ka fara fitar da wutsiya ta gefe, sauran ya biyo.

Wasu sun fi son kwantar da babur a gefensa a kan kwali. Yana yi, in mai bai cika tanki ba. Amma inji mai bugu huɗu ba ya son doguwar kwanciya a gefe, man injinsa na iya bin inda bai kamata ba.

Tayoyin sama galibi a kan shaf ɗin hannun baya suke, kuma su ne aka fi mantawa da su domin ba a ganinsu. Sukan manne sosai. Man kwance tsatsa, haƙuri, da bugu a zoben cikin boris ta hanyar bututun da ya dace da shaf.

Tun da firam na waje, juya shi ka dubi robar zamiya. Akwai layi a gefenta mai nuna iyakar cinyewa. In ta kusa kai shi ko a wuri guda, musamman a lanƙwasar gaba, sauya ta yanzu. Sukuru ɗaya ne ke riƙe ta a gaba, a cire shi a buga ta ta zame ta baya. Ka kuma ba kowane kan giris na firam ɗin haƙƙinsa har sabon giris ya leƙo.

Sauya boris

Ɗora tayar a tebur, gefen zoben makulli a sama. Kankare dattin da ya cika ramin zoben, sa filaya a ramukansa biyu, matse, ɗago. Sa tabarau, ka kuma rufe da tafin hannu. Zoben nan in ya kuɓuce ba a sake ganinsa.

Kifa tayar a kan katako biyu ko babban bututu yadda boris zai sami wurin faɗawa, ka buga shi ta baya da soket. Tsohon ba ruwanka da inda ka buge shi, shara za shi. Wanke ramin, ka shafa yatsa a ciki. In sabon boris yana shiga da tura yatsa kawai, ramin ya buɗe, tayar ta gama aiki komai kyan robarta.

Saka sabon kuwa yana da ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: ƙarfi a zoben waje kaɗai yake sauka. Duk bugun da ya bi ta zoben ciki, ƙwallaye ne ke ɗaukarsa su lotsa hanyarsu, ka kashe boris tun bai taɓa ƙanƙara ba. Nemi soket ɗin da bakinsa ya zauna a zoben waje daidai, ko ka ɗora tsohon boris a kan sabon. Bais ya fi guduma, domin yana turawa a miƙe a hankali. Don sauƙi, sa boris a firiza awa ɗaya, ko a bakin taga in hunturu ne, ka tsoma tayar a ruwan zafi ka tsane ta. Ƙarfe ya ɗan tsuke, roba ta ɗan buɗe, sai ya shige ba faɗa. Tura har ya zauna a gindi kuma ramin zoben makulli ya bayyana a kewaye gaba ɗaya.

Zoben makulli yana da gefe mai kaifi da gefe mai ɗan santsi. Mai kaifin ne ke kallon waje, don shi ke cizon ramin. Bayan ka saka, sa bakin sukuddireba ka gwada juya shi a cikin raminsa. In ya zagaya, ya zauna. In ya buɗe ko ya yi tsatsa, sabo ba shi da tsada.

Akwai masu ɗaga murfin sabon boris da tsinin allura su ƙara giris mai jure sanyi kafin su saka. Ina tare da su, da sharaɗi biyu: kada a lanƙwasa murfin, kuma kada a cika ramin fam. Sulusi zuwa rabi ya isa. Boris da aka danƙare da giris yana zafi ya tofar da murfinsa.

Mayarwa

Shafa giris siriri a mazaunin, don ranar cirewa ta gaba. Mayar da bushin da washa bisa hoton da ka ɗauka, tayar na kallon inda tsohuwar ke kallo. Goge tiredin bolti ya bushe, ɗiga gam shuɗi, fara ɗaurawa da yatsa kafin sifana. Tiredin alminiyam ba ya yafe shigar karkace. Ƙarasa da sifana mai awo. Boltin shaf ɗin baya a baburan Ski-Doo da Polaris da yawa yana wajen 48 N·m a awon sifanan, ƙananan boltoci na M8, wato masu kaurin milimita 8, wajen 25, amma adadin da ke littafin naka shi ne hukunci. Na baya dai kada ka ɗaure shi yanzu, sai an gama saiti.

Bayan ɗauri juya tayar. In ta yi nauyi alhali ɗazu tana juyawa lafiya, akwai washa ko bushin da bai zauna inda ya dace ba, yana matse murfi ko zoben waje. Kwance ka duba.

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a ƙarƙashin robar zamiya ka dubi tsayin tayar. Ya kamata ta ɗan leƙo ƙasa da robar, milimita kaɗan, yadda za su raba nauyi. In ba ta kai ba, ado ce kawai. Masu hawa a hanyar da aka daddaɓe, inda ƙanƙara ta yi tauri ba ta tashi ta jiƙa roba, sukan sa tayoyi masu ɗan ƙarin faɗi ko su ƙara biyu a lanƙwasar gaba inda roba ta fi ci. Yana taimakawa, amma in an zarce, tayar ce za ta ɗauki nauyin duka, boris ya riƙa mutuwa, sandunan cikin bel su riƙa shan duka. Baburan hawan dutse kuwa da gangan aka rage musu tayoyi; su ƙarfen kankarar ƙanƙara ake sa musu a gefe ya riƙa watso ta cikin firam. Idan bel ɗinka yana da ƙusoshin da ake saka masa don ya ciji ƙanƙara, juya shi zagaye guda ka tabbata babu kan ƙusa ko faifansa a layin da sabuwar taya ke bi.

Mayar da firam shi ne wurin zufa. Shigar da gaba cikin bel tukuna, sannan wutsiya. Sauke babur a hankali, daidaita ramukan gaba, sa boltocin ba tare da ka ɗaure ba. Na baya ba za su yi saiti da kansu ba, domin shakazoba ya miƙe. Ɗaura madaurin kaya tsakanin hannun baya da reli ko shaf ɗin gaba, ka ja kaɗan-kaɗan har rami ya hau rami. Sa duka huɗun, sannan ka ɗaure su da gam da awo, ka mayar da hannayen sifirin mazauninsu da saitin da ka same su.

Ɗaurin bel da daidaita shi

Wanda ya taɓa saita cen ɗin babur na titi ya san wannan aikin: bolti biyu a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, ana neman ɗauri daidai kuma shaf ya tsaya a miƙe. Bambancin kawai, nan kuskuren ya fi tsada.

Bayan babur a sama, mayar da boltocin saiti inda ka rubuta. Kowane kamfani da yadda yake auna ɗauri. A baburan hanya na Ski-Doo da yawa, ana danna bel ƙasa a tsakiyar firam da ƙarfin kilo 7.3, a auna tazarar da ke tsakanin robar zamiya da cikin bel, ta kasance milimita 30 zuwa 35. Polaris kuwa nauyin kilo 4.5 suke ratayawa kimanin santimita 40 gaba da tsakiyar tayar baya, tazarar da ake nema kuma ta danganta da samfurin. Ma'aunin rataye kifi yana yin wannan aikin sarai. Auna gefe biyun.

Bel mai tsananin ɗauri yana cin robar zamiya, yana kashe boris ɗin da ka saka yanzu, yana rage gudu. Mai sako-sako kuma yana tsallake haƙoran da ke jansa idan ka danna totur da ƙarfi, za ka ji bugu daf-daf-daf a ƙarƙashin ƙafarka, yana ma iya sauka daga reli a kwana.

Sai daidaitawa, kuma nan ne haɗarin aikin yake. Buɗe ƙofar gareji, hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa, gubar da ke cikinsa kuma ba ta da wari. Kwashe kayan aiki daga cikin bel. Kada kowa ya tsaya a baya ko a gaba, yara su yi nisa. Bel mai juyawa yana harba tsakuwa da ƙusa, in ya tsinke kuma baya yake yi. Tada inji, ba shi wuta kaɗan yadda bel zai juya a hankali zagaye biyar ko shida. Saki totur ka bar shi ya tsaya da kansa, kada ka taɓa birki, birki yana karkatar da shi ya ɓata maka awo. Kashe inji, zare igiya.

Yanzu leƙa baya. A cikin bel akwai ƙananan ƙarafa masu kunne da ke bin gefen robar zamiya. Tazarar kunnen da robar ta zama ɗaya dama da hagu. In bel ya gudu hagu, ƙara ɗaure boltin hagu. In dama, na dama. Rabin juyi a lokaci guda, sannan a sake tadawa a sake dubawa. Idan ka ga kana ta ƙara wa gefe guda, sassauta ɗaya gefen maimakon haka, don kada ɗaurin ya wuce awo. Sau biyu ko uku yawanci ya isa. Da ya zauna a tsakiya, sake auna ɗauri, kulle notocin saiti, ɗaure boltin shaf ɗin baya da awonsa, ka sake juya bel sau ɗaya, domin ɗaurin ƙarshe kan ɗan motsa shaf.

Fitar farko ta zama gajeriya, kilomita biyar zuwa goma a ƙanƙara mai laushi. Tsaya, kashe inji, cire safar hannu ka taɓa tsakiyar kowace taya da ka yi wa aiki. Sanyi ko ɗan ɗumi daidai ne. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi tana da matsala, ko an matse ta ko boris ya ji bugu wajen sakawa. Komawa gida, sake bin boltocin da sifana mai awo, ka sake auna ɗaurin bel, musamman in robar zamiya ma sabuwa ce, don tana ɗan zama a kilomitocin farko. Masu tafiya mai nisa a arewacin lardunan Kibek ko Ontariyo na Kanada suna jefa taya guda da boris ɗinta da boltinta cikin jakar kayan aiki, tare da fulogi da bel ɗin kuloci na ko-ta-kwana.